Jarkar Baba Gana

Tururi ya fara fita ta gefen bonet daidai lokacin da Ikrima ya shiga cunkoson mahaɗar Bata. Allurar zafi ta riga ta haye kan ja. Ya gangara gefe ya kashe motar, masu adaidaita na ta danna masa hon kamar shi ya kawo zafin bazara garin.

Ya ɗaga bonet ya kai hannu zai murɗe murfin lagireto. Wani mai sayar da takalma ya daka masa tsawa, "Kai malam! Ka gaji da fuskarka ne? Bari ta huce!" Ikrima ya janye hannu, ya tsaya yana sharce gumi.

Shi dai tela ne, ba direba ba. Motar, wata tsohuwar a-kori-kura fara, ta mahaifinsa ce, Baba Gana, wanda ya yi shekara da shekaru yana kwasar dilolin atamfa da ita daga Kantin Kwari zuwa tashoshi. Tun da hawan jini ya kayar da tsohon ya taɓa masa ƙafar hagu, Ikrima ya lulluɓe keken ɗinkinsa ya kama sitiyari. Yau bayan la'asar za a sallami Baba daga asibiti, kuma jiya da bakinsa ya ce, "Ni ba zan shiga adaidaita ba. Motata ce za ta mayar da ni gida." Likita kuwa ya ja kunne kada a ɓata masa rai. Ikrima bai san da wane ido zai kalli tsohon ba idan ya je masa ba mota.

Da ta huce ya lallaɓa ta, tafiya kaɗan tsayawa kaɗan, har Sabon Gari wurin Chukwuma mai gyaran lagireto. A Sabon Garin aka haifi Chukwuma, Hausa a bakinsa ba a magana, kuma ya san motar nan tun Ikrima yana firamare.

Chukwuma ya kwance lagireton ya leƙa. Ya sa waya ya ƙwaƙulo wani farin abu mai tauri, irin wanda ke kama cikin butar shayi.

"Ɗan Baba, wane ruwa kake ba ta?"

"Na rijiyar gidanmu, Oga. Ruwa ai ruwa ne."

"Ruwan rijiyarku mai zartsi? Shi ya toshe hanyoyin. Ruwa ba ya zagayawa, dole inji ya tafasa." Ya juya farin abin a tafin hannunsa. "Tun da nake da Baba ban taɓa ganin wannan a motarsa ba. Koren ruwan sanyaya inji a wurina yake saya, amma ruwan da ake sirkawa da shi, nasa yake kawowa cikin wata shuɗiyar jarka. Ko nawa ba ya yarda in zuba mata. Mene ne a jarkar nan?"

"Ruwan addu'a ne," in ji Ikrima. Kowa a gidansu ya san haka. Kullum da safe Baba kan tsaya gaban motar, bakinsa na motsi, ya ɗan tsiyaya ruwan jarkar a lagireto.

Chukwuma ya gyaɗa kai cikin girmamawa. "Ni ma haka na yi zato, shi ya sa ban taɓa tambaya ba. Amma wallahi ina son in san addu'ar da ke hana lagireto toshewa. Da na huta da ruwan batir."

"Ruwan batir kuma?"

"Shi nake sirki da shi. Ba shi da gishiri ko kaɗan."

Maganar ta tsaya wa Ikrima a rai. Yau ne karon farko da ya tambayi kansa: wane malami ne ke ba Baba ruwa jarka guda, kuma ba a taɓa ganinsa ba? Ya bar Chukwuma yana zura wa lagireton waya, ya hau adaidaita zuwa gidansu a Fagge.

Ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Bintu, tana turare ɗakin Baba.

"Inna, ina shuɗiyar jarkar nan?"

"Tana bayan ɗaki. Kada ka taɓa min ita, saura kaɗan."

"Ya aka yi ta zama saura kaɗan? Ni ban taɓa zuba wa motar ba."

"Mota?" Ta harare shi. "Ubanka na kwance za a ba mota ruwan addu'a? Kullum sai na ɗiba a gora na kai masa asibiti. In shafa masa a ƙafar, in ba shi ya kurɓa. Ba ka ga ya fara takawa ba?"

Ikrima ya zabura. Chukwuma ya sha faɗa cewa koren ruwan nan guba ne. Idan Baba ya sirka shi a cikin jarkar fa? Da gudu ya zagaya bayan ɗaki, ya tsiyaya a tafin hannu. Fari ne tas, ba wari. Ya ɗanɗana, ya ji shi salam, babu zartsin rijiyarsu. Sai a lokacin numfashinsa ya dawo.

Yana tsugune ya ga mazurari rataye a ƙusa, an ɗaure bakinsa da farin ƙyalle. Ya ɗaga kai. Indararon rufin ɗakin yana daidai saman inda jarkar ke zama. Sai ya tuna Baba cikin damina, ya naɗe ƙafar wando, yana jira ruwan farko ya wanke kwano kafin ya fita. Su a lokacin sun ɗauka gyaran magudana yake yi. Dariya ta taso masa, ya danne ta, don Inna na tsaye a kansa.

"Ka gani ko? Ko ɗanɗanonsa daban ne," in ji ta.

"Daban ne kam, Inna."

Kafin la'asar Chukwuma ya mayar da lagireton, ya canza wani tiyo da ya kumbura, ya cika shi da koren ruwa da na batir. Ya sake tambayar addu'ar. Ikrima ya nuna masa sama da yatsa, ya ce, "Daga can take saukowa, ta indararo." Chukwuma ya yi dariya har da dafa mota.

A ƙofar asibiti aka taimaka wa Baba Gana ya hau gaba, Inna ta zauna tsakiya. Suka kama hanya har suka hau Titin Ibrahim Taiwo. Kunnen tsohon na kan inji, idonsa na kan allurar zafi, wadda ta tsaya cak a tsakiya.

"An kwance lagireto," in ji shi. "Na ga hannun Chukwuma a bonet. Ba ka zuba mata ruwan jarkata ba?"

Kafin Ikrima ya buɗe baki Inna ta karɓe. "Ni na hana. Kai na ba wa. Ruwan da ya tsare motar nan shekaru ba ta taɓa kifewa ba, na ce ba zai kasa tayar da mai ita ba. Ga shi kuwa, alhamdu lillahi."

Baba ya juyo a hankali ya dube ta. Ta rame a zaman jinyar nan, ga gorar a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Sannan ya dubi ɗansa ta bayan kanta. Ikrima ya kafa wa titi ido, ya cije leɓe.

"Bintu, miƙo min gorar," in ji Baba.

Ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya mayar mata.

"Ikrima."

"Na'am, Baba."

"Idan damina ta sauka, ka nemo wata jarkar. Bana guda biyu za a riƙa cikawa."