An Auna Ƙasan Buhu

A magazan hatsi, wato babban sito, na kamfanin Alhaji Manu da ke Matameye akwai abin da ake kira ƙasan buhu. Duk abin da ya zube wajen sauke kaya, ko ya maƙale a gindin buhu, ko ya gauraya da ƙasa wajen sheƙa, na matan da ke sheƙar ne. Su share, su tsince tsakuwa, su kai gida. Ba a biyan su ko dala, wannan ne ladansu tun Alhaji Manu yana da rai. Kuma ba a auna shi. Marigayin da bakinsa ya hana, ya ce ranar da aka ɗora shi a sikeli albarkarsa ta tashi.

Ummaru, shugaban reshen, haka ya taras kuma haka ya riƙe. A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gero ya bushe a tsaye daga Dawce har Yauri, daga baya kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Maza tun kafin lokacin cin rani suka bi ta Ɗan Barto suka tsallaka Kano. Kamfani ya koma shigo da masara da dawa daga Najeriya, matan nan kuwa da ƙasan buhu kaɗai suke ɗora tukunya.

Ana cikin haka Idrisa ya zo daga Damagaram da ordinatar, wato kwamfuta, a jaka. Idrisa ƙanen Hadiza ne, matar Ummaru. A gidan Ummaru ya tashi, Ummaru ya kai shi lakwal ya yi boko, Ummaru ya roƙi marigayi ya ɗauke shi aiki. Yanzu ga shi shi ke riƙe da sashen kuɗi na kamfanin gaba ɗaya, har da ɗan tumbi. Ya ce 'ya'yan marigayi na neman banki ya tallafa musu, banki kuwa ya ce sai ya ga rahoto mai tsabta, shi ya sa aka sayo lojisiyel. Wani shiri ne da ake sawa a cikin ordinatar, yana tsara kasafin shekara, yana nuna abin da kowane reshe ya ci da abin da ya kawo. In lafiya lau ya nuna kore, in da matsala ya nuna ja.

Gaskiya Ummaru ya so abin. Rahoton wata da kan hana shi sakat, yanzu kafin la'asar ya gama. Sai dai wuri ɗaya abin ya cije. Hatsin da ya shigo da wanda ya fita ba su yin daidai, na'urar kuma ta ƙi rufe wata sai an faɗa mata inda sauran ya tafi. Ummaru ya ce ai kowa ya sani, ƙasan buhu ne. Idrisa ya yi dariya ya ce ita ba ta sani ba, ba a Matameye aka haife ta ba.

Sannan ya gyara zama ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ka san yaran nan ba su san halin mahaifinsu ba. Wata rana wani zai tashi ya hana matan nan. Amma in ka auna shi na ɗan lokaci, sai in buɗe masa layinsa a kasafi, in rubuta sadakar marigayi. Abin da ya shiga kasafi ba mai taɓa shi. Ni ma fa da tuwon ƙasan buhu na girma, ka manta?"

Bai manta ba, shi ya sa ma ya yarda.

Wahalar ita ce Inna Habsatu, babbar matan sheƙa, wadda ta girmi ginin magazan kansa. Ta ce a'a tun bai rufe baki ba. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma a zamanta na duniya ba ta taɓa ganin an auna abin talaka don a ƙara masa ba. Ummaru ya bi ta har gida, ya durƙusa a gabanta kamar mai neman aure, ya yi bayani, ya sake. Da ya ga ba ta motsa ba sai ya rantse. Ya ce in ƙwaya ɗaya ta ragu daga rabonsu, ta kama shi da shi har gaban Allah. Sai a nan ta ce to, don shi ne, ba don na'ura ba.

Daga nan kullum yamma matan su jera ƙwaryarsu a gaban sikeli, Ummaru ya auna da hannunsa, ya shigar. Shi kansa sai da ya yi mamakin yawan abin in an haɗa na wata. Har ya ji daɗi, wai ashe marigayi sadaka mai kauri ya bari.

Umarnin ya zo ta waya, kuma ba Idrisa ne ya kira ba, wata sakatariya ce. Ta ce daga farkon wata za a riƙa ɗura ƙasan buhu a buhuna ana sayarwa a matsayin hatsi mai daraja ta biyu. Matan kuma za a ba su ɗan abin kashewa kullum. Da ta faɗi abin, Ummaru ya san ko tiyar masara ba zai saya ba a kasuwar bana. Ta ƙara da taya shi murna, wai reshen Matameye ya koma kore.

Washegari ya hau mota zuwa Damagaram. A hanya sai kare Idrisa yake yi a ransa, yana cewa yaran marigayi ne suka fi ƙarfinsa. Wannan tunanin ne ya fi ƙona shi daga baya.

Ya sami Idrisa a biro, wato ofishinsa mai sanyi, ga ƙaton allo a bango. Idrisa ya tashi ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi Hadiza da yara, ya sa a kawo ruwa. Ummaru bai sha ba. Ya ce a nuna masa layin sadakar marigayi. Idrisa ya ɗan sosa ƙeya ya ce babu irin wannan layin a cikin lojisiyel, kuma ba a iya ƙara shi. Layin da ke akwai sunansa asarar da za a iya maidowa.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun kafin in zo, Yaya. Banki ya ce sai mun rage asara a kowane reshe. Na san in na faɗa maka gaskiya ba za ka auna ba, matan kuma ba za su yarda kowa ya auna ba sai kai."

Haka ya faɗa, ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ma juya allon ya nuna masa rahoton da aka kai wa banki. Ga sunan Ummaru ɓaro-ɓaro, an rubuta shi ne ya gano asarar, shi ya auna, shi ya kawo shawarar gyara. Idrisa ya ce da gangan ya sa sunan, don a ƙara masa girma ƙarshen shekara. Wai alheri ya yi masa.

Ummaru ya so ya mare shi, hannunsa ya ƙi tashi. Ya so ya ajiye aikin a nan take, sai ya tuna bakunan da ke gidansa da farashin dawa. Ya fita bai yi sallama ba. A mota ya yi ta juya abin. Da baƙo ne ya cuce shi da ya haƙura, amma yaron da ya wanke wa ƙurji da hannunsa? Yaron ya san ba kuɗi ke gare shi ba, maganarsa kaɗai ake ɗauka a garin nan, ita ya zo ya ara.

Labari ya riga shi isa Matameye. Ranar ɗaya ga wata matan suka zo kamar kullum, suka sheƙe, suka share. Leburori suka ɗura sharar a buhuna suka jingine a bakin ƙofa. Ba wadda ta zage shi, da ma sun zage shi da ya fi samun sauƙi. Suka karɓi 'yan kuɗinsu suka watse.

Inna Habsatu ce ta tsaya. Ta zo gaban teburinsa da ƙwaryarta, ta kwance bakin zane, ta fito da abin da aka ba ta, ta haɗa da ɗan abin da ɗanta ya aiko daga Kano. Ta nuna buhun ƙarshe, wanda ita ta share da hannunta.

Ummaru ya miƙe da sauri yana laluben aljihu, ya ce ta bari, shi zai biya, don Allah ta bari.

"Na yau za ka biya, ko har da na gobe da na sauran matan?" Ta ture hannunsa a hankali. "Auna mini rabin tiya, Ummaru. Ka iya awo."

Ya ɗauki tiyar ya auna mata.