Fitilar Kan Tsamiya

Ni na ɗaura fitilar nan, ni kuma na kashe ta, don haka babu wanda ya kai ni sanin labarinta. Sunana Kalilu, sana'ata haɗa sola da cajin waya a wani ɗan ƙauye da ke bayan Mazanya, inda in ka yi sakaci da tafiya sai ka taka ƙasar Nijar ba ka sani ba.

Shafi'u, abokina tun muna yawo ba wando, shi ya sa na hau tsamiyar ƙofar gidansu na ɗaura ta a can ƙololuwa. Acaɓa yake yi a bakin iyaka, a Magama, ba ya dawowa sai bayan isha'i, ta hanyar daji. Na yi masa tsiya, na ce ƙato da kai kana tsoron duhu. Ya ce ba don kansa ba ne kaɗai. Ya ce wa mahaifiyarsa, Inna Fatimatu, "In na hango ta daga bakin rahi, na san kina nan lahiya, sai hankalina shi kwanta." A lokacin ƙauyuka uku a kewayenmu sun riga sun tashi saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya taso a nan ya san cewa garin da babu ko ƙyallin haske an gudu an bar shi, kuma mai hankali ba ya shiga.

Da kaka 'yan bindiga suka tare Shafi'u a hanya suka shige daji da shi. Wata huɗu babu labari. Kullum da magariba Inna Fatimatu za ta fito da tabarma ta zauna har fitilar ta kama da kanta, sannan ta shiga ta yi salla.

Sai ga wani abu ya fara zuwa mana da dare. Ƙugi yake yi kamar ƙudan zuma sun taso, ya tsaya cak a saman gari, ya ƙyafta jan ido, ya ɓace. Masu boko suka ce jirgi marar matuƙi ne. Na wa ne? Wasu suka ce na 'yan bindiga ne suna ƙirga mana dabbobi, wasu suka ce na 'yan fasa-ƙwauri ne suna duba hanya. Masu shayi kuwa kowa ya zama masanin jirgi a dare ɗaya.

Ranar wata Talata jami'an tsaro suka zo. Ɗaya daga cikinsu, Badaruddeen, matuƙin jirgi ne, mutum mai sanyin magana. Ya tara mu ƙarƙashin tsamiyar, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce sau biyar suna tasowa da dare suna neman abin nan. Bai fi shirwa girma ba, ƙasa-ƙasa yake tashi, da batir yake aiki, don haka na'urarsu mai ganin zafi ba ta bambanta shi da mujiya. Daga can sama kuma ɗan haskensa sajewa yake da tocila da murhu da fitilun gari. Roƙo ɗaya ya yi mana: dare uku, Laraba, Alhamis da Juma'a, kada a kunna ko ashana.

Kowa ya amsa, ban da Inna Fatimatu. Mai gari ya lallashe ta har ya gaji, daga ƙarshe ya kalle ni. Gaskiya ban yi gardama ba, har haushinta na ji a raina, na ce tsohuwa ɗaya za ta ɓata wa gari aiki. Ina hawa tana riƙe da tsanin.

"Kalilu, dare ukku ne kawai ko?"

"Ukku ne, Inna. Assabar da hannuna zan maida maki."

Na cire wayar.

Dare uku muna kwance cikin duhu muna jin babban jirgin jami'an tsaron yana kewaya sama. Ranar Asabar Badaruddeen ya bugo wa mai gari, muryarsa a gajiye. Sau biyu sun ga wani ɗigo, suka bi shi, ya nutse cikin bishiyoyin bakin rafi. Ba shi da tabbacin ma ba tsuntsu ba ne. Na hau na mayar da wayar.

Lahadi da hantsi aka kira ni daga Ɗan Isa, can tsallaken iyaka. Makiyaya sun tsinci wani mutum a daji, sandarma, jami'an tsaron Nijar, suka kai shi asibiti, lambata kaɗai ya iya faɗa. Da na shiga ɗakin ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ƙafafunsa sun kumbura sun fashe, ƙishirwa ta gama da cikinsa.

"Kalilu, ina kuka koma?"

Na ce ba mu tafi ko'ina ba.

Ya daɗe yana kallona. "Na kuɓuce masu, na zo hwa. Daren Alhamis na iso bakin rahi. Na ga tsamiya, babu haske. Na zauna na yi ta kallo, har na yi kuka. Na ce shi ke nan, an tada gari. Sai na yi arewa, ko na iske Inna cikin 'yan gudun hijira." Ya ja numfashi. "Hitilar lalacewa ta yi?"

Daga bakin rafi zuwa ƙofar gidansu bai kai tafiyar minti ashirin ba. Na buɗe baki, wallahi na so na ce batir ne ya mutu, amma na kasa. Na riƙe hannunsa kawai. Bai kai la'asar ba.

Bayan an yi addu'ar uku, Inna Fatimatu ta aika aka kira ni. Tana zaune a kan tabarmarta, fitilar ta kama. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ta ce ta ji an ce a arewacin gari aka tsince shi, alhali daga kudu ya taso.

"Ke nan ta nan ya wuce," in ji ta. Ta ɗaga kai ta dubi tsamiyar, ta naɗe yatsu uku ɗaya bayan ɗaya. "Wane dare ne cikinsu, Kalilu?"

Muna nan zaune, sai ƙugin ya taso daga wajen rafi.