Akwatin Yashin Baba Kafinta

"Ajiye almakashin nan, 'yata. Da yatsa ake yi."

Baba Kafinta, maƙwabcina, yana jingine da matasai uku, numfashi da ƙyar. Ni kuwa ina zaune a ƙasa da karensa Guntu a cinyata, ɗan gajeren nan mai gashi kamar soson ƙarfe. Sau biyu yana tone mini tumatir, har na rantse sai na ga bayansa.

"Mataccen gashin kawai za ki tsinke. In kika aske, laushi zai yi, ruwa ya ratsa shi."

"Baba, ni tela ce fa, ba wanzamiya ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Irin su Guntu mafarautan ɓera ne. Shi dai ba ya cin abin da bai sha wahalarsa ba. Kin karɓi amanarsa?"

"Na karɓa," na ce, don kawai ya huta.

Ranar Talata da hantsi Baba ya cika.

Guntu ya ƙi abinci. Kwana huɗu ina ajiye masa nama a kwano, ya shinshina ya kau da kai. Ɗan Baba ya zo kwashe kaya, ya dube shi ya girgiza kai.

"Yaya, wannan wahala kawai yake sha. Gobe zan kai shi likita ya yi masa allura ya huta."

Da wane ido zan ce na riƙe amana?

Masu kwasa suka ɗago wani akwatin katako cike da yashi daga bayan shagon Baba. Guntu, da ko kai ba ya ɗagawa, ya yi haushi. Nan take maganar Baba ta faɗo mini.

"Ku sauke shi," na ce.

Na ƙulle naman a tsumma, na binne cikin yashin, na faɗi abin da nake jiyo Baba yana faɗa ta katanga kullum da safe: "Nemo shi!"

Ya miƙe, ƙafafu na rawa. Ya shinshina. Sai tono, yashi har fuskar ɗan Baba. Ya cafko ƙullin, ya girgiza shi kamar ya kama ɓera, ya yage ya cinye tas. Ina dariya ina hawaye, ban ji kunyar kowa ba.

"To, Yaya," in ji ɗan Baba yana kakkaɓe gemu, "ina za a kai miki akwatin?"

Yanzu yana ƙarƙashin tagata. Tumatir ɗina sun yi fure, Guntu kuma yana kwance a inuwarsu da yashi a hanci.