Indomin Motar Muntaka

Kamal makaniki ya soka wayar na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce wa Muntaka ya taka totur ya riƙe. Tun makon jiya wata 'yar fitila ruwan ɗorawa take ci a gaban motar, shi kuwa Muntaka, mai jigilar doya daga Agyaragu zuwa Lafia, maganin da ya yi mata shi ne ɗora hularsa a kai.

"Baba, indominka ne," in ji Kamal.

Haka makanikai suke kiran tukunyar nan ta cikin salansa mai tace hayaƙi, don cikinta ramuka ne cunkus kamar taliyar yara.

"Yaya aka yi kwamfuta ta gani? Ido gare ta?"

"Zafi take aunawa. Akwai sensa gaban tukunyar, akwai a bayanta. Injin dizal yakan saki ɗan mai cikin hayaƙi da gangan. In indomi na da rai sai ya ƙone man, hayaƙin ya fito da zafi fiye da yadda ya shiga. Naka yadda ya shiga haka ya fita."

"Ya mutu ke nan?"

"Ko ya mutu, ko an kwashe. Masu saye na nan, ƙarfen ciki na da tsada. Na'ura ba ta san ɓarawo ba, Baba. Wa ya taɓa salansan?"

Muntaka ya tuna baya. Mutum ɗaya ne, Iorkyaa mai walda, wanda motar ta kwana a wurinsa watan jiya. Tun suna samari suke tare. Da Sallah Iorkyaa na cin tuwo a gidansa, da Kirsimeti shi yana cin sakwara a nasu. Zato zunubi, ya gaya wa kansa, amma zaton ya ƙi tashi, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"In kwance yanzu mu gani?" Kamal ya tambaya.

"Bar shi."

Muntaka ya ja motar har rumfar Iorkyaa. Ya same shi yana cin gyaɗa, ya karɓi 'yar kaɗan, suka gaisa har da tambayar iyali.

"Kwamfuta ta ce indomina ba ya aiki. Na ce ba mai buɗe mini sai kai."

"Wannan kwamfuta, ƙarya ya cika shi," Iorkyaa ya ce da dariya. Ya ɗauki sifana, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar.

Muntaka ya ji ya ƙwanƙwasa tukunyar. Ta amsa fayau, kamar gwangwanin da ba komai a ciki.

Daga nan shiru. Ba ƙarar sifana, ba magana. Ƙafafun Iorkyaa kawai ake gani, silifas ɗaya ya zame. Muntaka ya durƙusa, ya ɗauki silifas ɗin ya ajiye masa kusa da ƙafa, ya zauna a benci yana jira ya fito.