Abin da Malama Liyatu Ta Gada

Shekara talatin Malama Liyatu ta yi tana koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a Minna kafin ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo, Testimony, tana aure a Fatakwal. Don haka ita kaɗai ta hau keke-napep zuwa asibiti ranar da sakamakon gwajin jininta ya dawo daga Legas, wata biyu bayan an cire mata nonon hagu saboda sankara.

Dokta Saifuddeen ya yi ta juya takardar yana neman ta inda zai fara.

"Mama, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da wani rubutu..."

"Na koyar da wannan, likita. Ƙwayar takan kwafi rubutun, ta bi shi harafi-harafi ta haɗa furotin. Faɗa mini wanne ya lalace."

"Wanda furotin ɗinsa ke gyara kuskure a rubutun. Kwafi biyu kowa ke da shi. Ke an haife ki da ɗaya a lalace. Da ɗayan ma ya samu matsala, sai kurakurai suka taru, ƙwayoyin suka yi ta rabuwa ba tsayawa."

Ta tuna mahaifiyarta a Kagoro, da yayarta Susan, waɗanda suka yi irin wannan ciwo. Dukansu an ce jifa aka yi musu.

"In kina da 'ya, ya kamata a gwada ta," in ji likitan. "Ko ta gada ko ba ta gada ba, rabi da rabi ne."

Kwana huɗu tana ɗaukar waya tana ajiyewa. Ran Alhamis da la'asar ta daure ta kira 'yarta, ta yi bayani dalla-dalla kamar tana gaban allo.

Testimony ta ce, "Ke nan ke kika ba ni?"

"Wataƙila ban ba ki ba."

"Mama, 'yan mata biyu gare ni."

Testimony ta kashe wayar.

Wata guda ba kira. Liyatu takan je coci ta dawo, ta tuƙa tuwon mutum ɗaya, ta kasa cinye shi. Gashinta ya fara zuba a kan matashi saboda magani.

Sai wata safiya saƙo ya shigo: "Na yi gwajin. Ba ni da shi." Iyakarsa ke nan.

Ta karanta sau uku, ta fita ba ko takalmi don ta gaya wa maƙwabciyarta Nma. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa, sun tafi biki Bida. Ta tsaya a bakin titi da waya a hannu har wata mai tallar doya ta zo wucewa.

"Baiwar Allah, 'yata ba ta da shi!"

Matar ta gyara tiren da ke kanta. "To, mun gode Allah. Mama, za a ba ki doya?"

Liyatu ta sayi guda ɗaya ƙarama.