Baƙon Kumasi da Tukunyar Gas ɗin Hajiya

Injin da aka ɗauko Injiniya Sadiq tun daga Kumasi don ya haɗa yana zaune a kamfanin robobi na Sharada kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. Wani ƙarfensa ne ya maƙale a hanyar Legas, aka ce sai gobe. Nan ne manaja, Alhaji Uba, ya tuna cewa Kano garin karɓar baƙi ne, ya sa aka kira masa Dalhatu direba.

"Ɗauki Injiniya ka nuna masa gari," in ji Alhaji. "Dutsen Dala, Kurmi, marinar Ƙofar Mata. Kada ya koma Ghana ya ce bai ga komai ba sai bokiti da buta."

"An gama, ranka ya daɗe."

Dalhatu haifaffen Sharada ne, ya daɗe yana jan farar motar kamfanin, kuma ya san halinta: duk ranar da aka ji za ta fita da cikakken tanki, kowa a kamfanin sai ya zama masanin tarihi. Bai kai ga buɗe ƙofa ba, Idrisu shugaban leburori ya tare shi.

"Wane irin baƙo ne zai zo Kano bai ga Challawa ba? Fatar da ake jima a can har Turai take zuwa. Ai tarihi ne." Sai da ya gama bayanin tarihin sannan ya tuna cewa gidansa ma a can yake, kuma ga buhun masararsa a bakin get.

Hajiya Badi'a ta ofishin albashi kuwa ta ga bai dace baƙo ya ɗauka duk Kano hayaƙi ce ba. A kai shi Hotoro ya ga gidajen mutunci. Tunda dai za a je, ga tukunyar gas ɗinta, a sauke mata a gida.

Injiniya Sadiq ya shiga gaba cikin farar shadda, wayarsa a hannu, a shirye da ɗaukar hoto. Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kuma duk abin da aka gaya masa sai ya ce "madalla". Wannan madallar ce ta fara ba Dalhatu haushi. Baƙon da ba ya ƙorafi, da me za ka kare shi daga masu cusa aikensu?

Tun kafin su shiga Challawa warin majema ya fito ya tarbe su. Injiniya ya kai hannu hanci, sai ya ji kunya ya sauke.

"Wannan fa, Malam Dalhatu?"

"Turaren gari ne, Injiniya. Mu kyauta ake ba mu, safe da yamma." Ya nuna masa kwatar gefen titi. "Kun ma yi sa'a, yau ruwan shuɗi ne. Kun ga marina ke nan, ba sai mun wahala zuwa Ƙofar Mata ba."

Injiniya ya ce madalla, ya ɗauki hoton kwata. Idrisu kuma ya rantse ba za su tafi ba sai baƙo ya sha furar gidansa, furar da sai da suka zauna aka aika sayo nononta.

Rana ta take sosai lokacin da suka ratsa gari suka isa Hotoro. Gidajen mutuncin suna nan, kowanne ya ɓuya bayan katangar da ta fi ta gidan yari tsawo. A gidan Hajiya ba kowa sai wata tsohuwa da ta leƙo ta ce a shigo da tukunyar har kicin. Dalhatu ya kama kunne ɗaya, baƙon kamfani ya kama ɗaya. Da suka fito, tsatsa ta yi wa farar shaddar ado a cinya.

"Tsarabar Hotoro ce," in ji Dalhatu. "Ba kowane baƙo ke samu ba."

Yana tayar da mota wayar Alhaji Uba ta shigo. Kun je Dala? Ba ku je ba? To, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Tunda suna kusa da Bompai, su biya wajen mai gyara su karɓo injin ruwan gidansa, Injiniya kuma ya ga inda masana'antun Kano suka faro.

Ya kuwa gani. Dalhatu ya rage gudu yana gabatar masa da su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna kaburburan dangi. Nan masaƙa ce a da, yanzu sito ne na atamfar da ake kawowa daga China. Can alewa ake yi, yanzu awaki ne ke shiga aikin safe, kuma ba su taɓa makara ba.

"Gidan tarihinmu ke nan, Injiniya. Ba a biyan kuɗin shiga."

Mai gyara ya ce saura kaɗan, wato bai fara ba. Suka yi la'asar a gefen shagon, suka zauna a kan benci suna cin gyaɗa. A nan ne Injiniya ya tambaya, a hankali, ko Dala da nisa daga nan.

"Kakana ɗan gindin Dala ne," ya ce. "Ya bi fataken goro ya tafi yana saurayi, bai dawo ba har ya rasu. Kullum yana ce mana in ka hau dutsen za ka ga duniya duka. Mahaifiyata ta ce in ɗauko mata hoto daga sama. Amma ba komai, na ga kana da aiki. Wani zuwan."

Bai faɗa da gori ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Dalhatu ya ajiye sauran gyaɗar a kan benci. Tun safe yake wasa wuƙar bakinsa a kan mutumin da bai yi masa komai ba, su kuwa masu masara da gas ko ƙwarzane bai same su ba.

Waya ta sake ƙara. Alhaji ne, ya tuna da wasu kaya a wajen mai guga.

"Ranka ya daɗe? Alhaji? Ba na jin ku, sabis ɗin nan..." Ya kashe wayar gaba ɗaya, ya jefa ta aljihu. "Tashi mu tafi, Injiniya."

"Injin ruwan fa?"

"Ba ya gudu."

Ya kutsa ta Fagge yana ɗirka wa masu Adaidaita Sahu ham, ya bi ta lungunan da shi kansa bai yarda mota za ta wuce ba. Rana ta yi ja lokacin da suka tsaya a gindin dutsen. Injiniya ya tattare shaddarsa ya kama matakala kamar ana bin sa. Dalhatu, wanda duk zamansa a Kano daga gilashin mota yake gaisawa da Dala, ya bi shi yana haki, gwiwoyinsa suna tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro yawon buɗe ido.

A sama iska ke kaɗawa. Rufin kwano ya bazu ta kowane gefe har inda ido ya gaza. Injiniya ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo, yana juya wayar a hankali. Dalhatu ya ji tsohuwar tana salati daga can Kumasi, sai ya kawar da kai, ya zauna a kan dutse yana murza gwiwa.

"Malam Dalhatu, zo ku gaisa. Tana so ta yi wa mai masaukina godiya."

Ya miƙe da ƙyar, ya gyara hula, ya rusuna wa waya. Tsohuwar ta yi ta sa masa albarka, da shi da kamfaninsu, da manajansu mai kirki da ya ba da mota takanas don ɗanta ya ga gari.

"Amin, Hajiya," in ji Dalhatu. "Ai Alhaji ba shi da na biyu."