Jirgin da Bai Tsaya wa Malam Datti Ba

Tun ƙarfe takwas na safe dattawa huɗu suka jeru a bakin titin Abakpa cikin manyan riguna, kai ka ce ɗaurin aure za su. A gabansu sabon layin dogo ne shimfiɗe a tsakiyar kwalta, samansa kuma wayar lantarki. Ran nan ne jirgin cikin gari zai fara jigilar mutane tsakanin Katabu da Babbar Kasuwa, kuma Mardiyya, 'yar Malam Datti, tana cikin masu tuƙa shi.

Malam Datti ne ya tara su. Mako guda ya yi yana cika wa 'yan majalisarsu kunne cewa su dai su sa kayansu na fita kunya, a nan gindin dalbejiyar da suke zama jirgi zai tsaya ya ɗebe su. Tashar Abakpa kuwa ga ta can ana hango rumfarta, tafiyar da ba ta kai ta minti biyar ba.

"Datti, anya ba za mu ƙarasa tashar nan ba?" in ji Usman tela, amininsa na shekara arba'in, wanda bai taɓa barin wata maganar Datti ta wuce bai ɗanɗana ta ba.

"Ni in je in bi layi, 'yata tana riƙe da kan jirgi? Kai ma dai, Usman."

A gaskiya Mardiyya ta faɗa masa. Ana gobe za a fara, da la'asar, ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, don Allah tasha za ku je. Ba ma tsayawa a hanya." Ya ce, "Na ji," irin "na ji" ɗin da tsofaffi kan yi idan sun riga sun yanke nasu hukuncin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas daga Kawo zuwa Kasuwa, kuma abin da yake taƙama da shi har gobe shi ne bai taɓa wuce dattijo ya ɗaga masa hannu ba. Ko motar ta cika maƙil, sai ya taka birki a matsa. A wurinsa doka ta baƙi ce. Ina 'yar da za ta ga ubanta tsaye a rana ta wuce?

Takwas da rabi saura kaɗan jirgin ya ɓullo, fari da kore, tarago uku, ba hayaƙi ba rugugi. Malam Datti ya gyara hula, ya tako gaba, ya ɗaga hannu kamar yadda dubban mutane suka sha ɗaga masa. Ta cikin babban gilashin gaba ya hango ta cikin shuɗin kayan aiki da farin ɗankwali. Ita ma ta gan shi, babu shakka, don idonsu ya haɗu. Ta sunkuyar da kai kaɗan, ta kaɗa ƙararrawa sau biyu.

Jirgin ya wuce. Tarago na ɗaya, na biyu, na uku, mutanen ciki suna leƙen wani tsoho da ya sandare da hannu a sama.

Mai ƙosan da ke gefe ce ta fara ƙyalƙyalewa. Biyu daga cikin dattawan suka tuna suna da uzuri a gida. Usman kuwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sauke hannun haka, Datti, kada wani jirgin sama ya ɗauka da shi kake."

Malam Datti bai yi dariya ba. Kunya ce ta fara rufe shi, daga baya ta juye ta zama baƙin ciki mai nauyi. Shi ya riƙa ɗora yarinyar nan a kujerar gaba tana ƙarama, shi ya koya mata riƙon sitiyari, shi ya tsaya mata da 'yan uwa suka ce tuƙi ba aikin mace ba ne. Yau ga sakayyarsa a gaban mai ƙosai.

"Mu je tashar," ya ce. "Dole ta dawo ta nan. Yau za ta san ni na haife ta."

Usman ya bi shi, don ba a yin irin wannan kallo sau biyu.

A tashar jirage biyu masu komawa Katabu suka zo suka wuce, Malam Datti ya ƙi shiga, ba nata ba ne. Yana zaune ya cika ya yi fam, amma idon tsohon direba ba ya hutu. Akwai allo mai nuna lokacin isowar kowane jirgi, shi kuma da agogonsa a hannu. Na farko ya zo daidai. Na biyu ma daidai. Ya ja tsaki, kamar an yi masa wani laifin.

Na uku ne nata. Ranar farko kyauta ce, don haka taragon ya cika. Malam Datti ya kutsa har bayan gilashin da ya raba direba da fasinja, wani saurayi ya tashi ya ba shi kujera. Mardiyya ba ta waiwayo ba. Amma ta madubin da ke samanta ya ga idanunta sun kaɗa sun yi ja. Ta san yana nan.

Ya buɗe baki zai fara, sai wani mai keke Napep ya faɗo kan layin ba ko duba. Ƙafar Malam Datti ta danna ƙasan tarago da kanta, kamar mai taka birki. Jirgin ya rage gudu a hankali, ya ba keken hanya, ya ci gaba. Wata mata da ke tsaye da kwanon kunu a hannu ko ɗigo bai zube mata ba. Malam Datti ya san birki. Ya san da shi ne a tsohuwar bas ɗinsa, da yanzu rabin fasinja suna kan cinyar sauran.

Matar, wadda ƙawarta ke kira Harira, ta ci gaba da hirarta. "Wallahi shekara tara ina tasowa daga Katabu don sarin kaya, ban taɓa zuwa Kasuwa na juyo kafin azahar ba sai yau. Bas kuwa, kowa ya ɗaga hannu a tsaya, kowa ya ce akwai sauka a tsaya. Kafin ki isa an kwashe na kirki."

Malam Datti ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Usman ya yi gyaran murya har sau biyu, bai samu ko harara ba.

Sun wuce Unguwar Kanawa kenan wani Alhaji mai ƙaton rawani da sanda ya miƙe. "Direba, akwai sauka!" Jirgi bai ko rage gudu ba. Ya matso ya ƙwanƙwasa gilashin da kan sandarsa. "Ke yarinya, ba kya ji ne? Ga ƙofar gidana nan an wuce! Kin san ko ni wane ne? Wace irin tarbiyya aka yi miki a gidanku?"

Kafaɗun Mardiyya suka ɗan motsa, amma idonta na kan layi.

Malam Datti bai san lokacin da ya tashi ba. Ya kama sandar ya sauke ta daga jikin gilashin, a hankali, yadda ba za a ce ya yi rashin kunya ba.

"Alhaji, tarbiyyar gidana ce, ni na yi ta. Ka koma ka zauna sai Kawo."

"'Yarka ce?"

"'Yata ce." Ya ɗaga murya yadda har na tarago na biyu za su ji, balle wadda ke bayan gilashi. "Da safen nan na tsaya a bakin titi da babbar rigata, da abokaina, na ɗaga mata hannu. Ubanta fa. Ta dube ni ta wuce. To in ba ta tsaya mini ba, Alhaji, wane ne kai?"

Taragon ya kaure da dariya, Harira har da guɗa. Alhajin ya koma kujerarsa yana gunaguni. Malam Datti ya zauna, ya baza rigarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙirjinsa cike da wani daɗi da bai taɓa jin irinsa ba ko ranar da ya sayi motarsa ta farko.

Usman ya sunkuyo kusa da kunnensa. "To, Datti, faɗan da muka zo yi fa?"

Malam Datti ya dube shi sama da ƙasa.

"Usman, kai tela ne, ba za ka gane ba. Ba a yi wa direba magana yana tuƙi."